Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa 44.5 Ta Koma 44 a Python?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk abu ɗaya suke zagayawa, wato lambar da ta shigo manhaja a matsayin rubutu, daga fom ko daga fayil, ana so a cike ta zuwa cikakkiyar lamba mafi kusa sai ta fito da wani abu daban. Tambayar farko za ta ɗan ci mana wuri don itace tushen sauran.

TAMBAYA: Salam malam, ina ajin ƙarshe ne ina furojet na manhajar fitar da sakamakon ɗalibai da Python. Makin yana zuwa ne a fayil ɗin CSV, da na rubuta round("44.5") sai ya ƙi ya ce TypeError, na gyara na sa round(float("44.5")) sai ya bani 44 maimakon 45, amma kuma 69.5 ya bani 70 daidai. Wallahi kaina ya ɗaure, ko Python ɗin tawa ce ta lalace in sake saukewa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka ɓata datarka wajen sake sauke komai, Python ɗinka lafiyarta ƙalau. Matsala biyu ce ta haɗu maka wuri ɗaya, ka warware ta farko da kanka, ta biyun ce ke buƙatar zama.

Ta farkon dai itace duk abin da ya fito daga CSV ko daga fom ko daga input() rubutu ne, abin da masu kod ke kira sitirin. A wajen kwamfuta "44.5" haruffa huɗu ne a jere, huɗu, huɗu, ɗigo, biyar, ba ta san maki ba ne ko lambar gida, shi ya sa round ya ƙi karɓa. Da ka gwada int("44.5") shima zai ƙi, ValueError zai baka, don int ba ya karanta rubutun da ke da ɗigo. Wasu in sun ga haka sai su rubuta int(float("44.9")) su ga aiki ya tafi ba kuka su ɗauka shikenan, alhali wannan yanke wutsiya ne kawai, 44.9 za ta koma 44. Toh kai ba ka faɗa wannan ba, ka kyauta.

Ta biyun kuwa ita ce maganar rabi. Dukkanmu a firamare an koya mana in abin da ke bayan ɗigo ya kai biyar sai a hau sama, har muka ɗauka doka ce guda ɗaya a duniya. Ba haka ba ne. 44.5 tana tsakiya ne cif, nisanta da 44 da nisanta da 45 ɗaya ne, don haka babu wadda ta fi kusa, dole sai an zaɓi ƙa'ida. Python 3 ta zaɓi a tafi wajen lambar cika, wadda ke rabuwa biyu ba saura, a bar ta mara. Kenan 44.5 ta koma 44, 45.5 ta koma 46, 2.5 ta koma 2, 0.5 ta koma sifili. Ita 69.5 da ta baka 70 sa'a ce kawai, 70 cika ce.

Kuma ba gangan suka yi ba. Ɗauki 0.5 da 1.5 da 2.5 da 3.5, jimlarsu 8. In ka hau sama da kowacce za ka samu 1, 2, 3, 4, jimla 10, ka ƙara biyu daga aljihunka. In ka bi ta cika za ka samu 0, 2, 2, 4, jimla 8 daidai. A lissafi mai layi dubbai wannan karkata sama ba ƙaramin abu ba ce, shi ya sa ma'aunin IEEE 754 da aka fitar a 1985, wanda kusan kowace kwamfuta ke bi wajen lambobi masu ɗigo, ya ɗauki wannan hanyar a matsayin ta asali. Python 2 da hawa sama take yi, round(44.5) 45.0 take bayarwa, an sauya ne da Python 3 ta fito a Disamban 2008, kuma tun Janairun 2020 aka daina kula da Python 2 gaba ɗaya, amma har yau tsofaffin darussa na nan a intanet da tsohuwar amsa, in ka ci karo da su kar su rikita ka. Haka C# ma Math.Round(2.5) 2 yake bayarwa in ba ka faɗa masa komai ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki tambayarka da muhimmanci. A jami'o'inmu da yawa A daga 70 take farawa, B 60, C 50, D 45, E 40. Duba iyakokin nan da kyau, 70 da 60 da 50 da 40 duk cika ne, don haka 69.5 da 59.5 da 49.5 da 39.5 duk za su hau sama yadda kowa ke tsammani, za ka gwada manhajarka ka ga komai daidai, mai duba furojet ɗinka ya gwada shima ya ga daidai. Iyaka ɗaya ce tak mara, 45, kuma nan ne kawai 44.5 za ta faɗi ta zama E maimakon D. Ɗalibin da abin ya faɗa wa ba zai taɓa sanin layi ɗaya na kod ne ya rage masa ba, a kwas mai yunit uku maki uku kenan ya tafi daga lissafin GP ɗinsa. Gaskiya na ji daɗi da ka lura da wannan tun kafin a ɗora sakamakon 'ya'yan mutane a kai.

Gyaran shine ka bar float, wato yadda Python ke ajiye lamba mai ɗigo, kwata-kwata, ka ɗauki rubutun ka miƙa wa Decimal, wanda ke lissafi da tushe goma irin namu, kai tsaye:

from decimal import Decimal, ROUND_HALF_UP

maki = Decimal("44.5").quantize(Decimal("1"), rounding=ROUND_HALF_UP)

Wannan zai baka 45, in kana son ta zama cikakkiyar lamba ta yau da kullum sai ka zagaye ta da int(). Ka kula da abu biyu. Kar ka rubuta round(Decimal("44.5")) kana zaton ka tsira, shima 44 zai baka, sai ka faɗi ƙa'idar da bakinka kamar yadda na yi a sama. Sannan kar ka bi ta float kafin ka zo Decimal, ka bar lambar cikin alamar zance yadda ta zo, dalili kuwa kwamfuta da tushe biyu take ajiye float, kuma lambobi da yawa ba sa zama daidai a tushe biyu, 2.675 a cikinta 2.67499999999999982 ce da ɗoriya, shi ya sa round(2.675, 2) ke bada 2.67, misalin ma yana cikin bayanan Python na hukuma. Ita rabi tana zama daidai a tushe biyu, don haka 44 ɗinka ba daga nan ta zo ba, daga ƙa'idar cika ce, amma in ka tara makin gwaji da na jarrabawa da float wannan ɗin ma zai iya samunka.

Kafin ka rufe furojet ɗin ka je ka tambayi jami'in jarrabawa na sashenku wace ƙa'ida suke bi, wasu wuraren ma ba sa yarda da rabin maki tun daga takardar malami. Abin da suka faɗa shi za ka rubuta a kod, ka kuma rubuta shi a rahotonka. Gurbin da aka bari ba komai ko aka rubuta ABS, wato ɗalibi bai zo ba, kuma kar ka mayar da shi sifili, ka ware shi daban manhajar ta nuna cewa babu maki.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina sayar da atamfa da leshi da turaruka a intanet, ƙanina ne ya haɗa min shafin da JavaScript yanzu ya tafi bautar ƙasa ni nake lallaɓawa. Ranar na sa kuɗin kaya 18,500 sai ya nuna wa kwastoma naira 18, Allah ya taimaka ta kira ni. Kuma wani lokacin jimlar rasit da abin da aka cire wa mutum sai su bambanta da naira ɗaya ko biyu. Meye abin yi dan Allah? Daga wata 'yar kasuwa a Kano.

AMSA: Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Naira 18 ɗin nan waƙafi ne ya jawo ta. Ki buɗe kod ɗin ki nemi parseInt ko parseFloat, kusan tabbas ɗayansu na nan. Su waɗannan biyun karanta rubutu suke daga hagu, duk inda suka haɗu da abin da ba su gane ba sai su tsaya su baki abin da suka tara ba tare da sun ce uffan ba, parseInt("18,500") 18 ne, parseFloat("1,500.75") 1 ne. Number ya fi su gaskiya, in kika bashi "18,500" zai ce NaN, wato wannan ba lamba ba ce, ke kuma sai kod ɗinki ya tsaya ya nuna saƙon a gyara farashi. Tsarin da nake so ki bi shine a cire waƙafi da sarari da alamar naira tukuna, sannan a kira Number, sannan a duba da Number.isFinite ko abin da ya fito lamba ce, sai daga ƙarshe a zo kan Math.round. Amma shima Number akwai inda yake yaudara, Number("") sifili ne, haka Math.round("") sifili, kenan in kika manta ba ki sa farashi ba kayan zai fito kyauta. Sai a fara duba ko akwatin ba komai.

JavaScript ba kamar Python ba, tana karɓar rubutu ta juya shi da kanta, Math.round("2.5") zai baki 3 ba gardama. Wannan sauƙin ne ke sa mutane sakaci, don a wajen tarawa ba ta juyawa, "500" + 100 ba 600 ba ne, "500100" ne, manna su take yi. Ki kuma sani toFixed rubutu yake mayarwa ba lamba ba, na nunawa a allo ne, kar a ɗauki abin da ya fito daga cikinsa a ci gaba da tarawa.

Maganar naira ɗaya ko biyu kuma wuri biyu take fitowa. Na farko kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack da kwabo suke karɓar adadi, don haka kod ɗin yana ninka farashi da 100, kuma a JavaScript 19.99 * 100 ba 1999 take bayarwa ba, 1998.9999999999998 ce, 4.35 * 100 kuma 434.99999999999994. In parseInt ko Math.floor aka sa a nan kwabo ɗaya ya tafi, Math.round ne ya dace da wurin. Wannan duk 'yan gida ɗaya ne da sanannen 0.1 + 0.2 da ke bada 0.30000000000000004.

Na biyun shi na fi zargi tunda kin ce naira ce ba kwabo ba. A ce ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda shine adadin da ake bi tun Fabrairun 2020, kuma mutum ya sayi turare uku kowanne 1,300. Harajin kowanne 97.5 ne. In rasit ya cike kowane layi daban, 98 sau uku, 294 kenan. In wajen biyan kuɗi ya tara 3,900 tukuna ya cire haraji, 292.5 ne, ya cike ya zama 293. Babu wanda ya yi kuskuren lissafi a cikinsu, kowa dai a inda ya ga dama ya cike. Maganin shine duk kuɗi a riƙe shi a kwabo, cikakkiyar lamba, 1,300 ta zama 130000, a yi duk lissafi a haka, a cike sau ɗaya a wuri ɗaya, kuma wannan adadin ɗaya shi za a buga a rasit shi za a tura wajen biya. In ƙanin naki ya samu sarari ki tura masa wannan amsar, aikin bai kai na yini ɗaya ba.

TAMBAYA: Gaisuwa malam. Ni ina riƙe wa maigidana lissafi ne, muna ɗauko kaya daga Kano da Katsina. Abokan cinikinmu na can suna turo Excel, in na buɗe a tawa kwamfutar mai Faransanci sai ARRONDI ya ƙi aiki ko SOMME ta bada sifili. Wani ya ce in goge duk waƙafi da ke ciki, na yi, sai wasu kuɗin suka zama masu yawa ƙwarai. Daga wani ɗan'uwa a Maraɗi.

AMSA: Ɗan'uwa ina gaisuwa, ya mutanen Katsinar Maraɗi. Shawarar goge waƙafi ɗin nan ka ajiye ta, tana da haɗari a wajenku. A Najeriya ana rubuta 1,500.75, waƙafi na raba dubbai ɗigo na raba kwabo. A Nijar tsarin Faransa ake bi, 1 500,75, sarari na raba dubbai waƙafi kuma shine a madadin ɗigo. Toh in fayil ɗinka ya haɗa layukan da suka zo daga Kano da waɗanda kai ka shigar, ka goge waƙafi gaba ɗaya, na Kano za su gyaru rabi da rabi, naka kuma 1500,75 za ta zama 150075, ta ninku sau ɗari. Abin da ya same ka kenan.

In lambobin na gaske ne a cikin fayil ɗin xlsx, Excel da kansa yake juya su zuwa tsarin kwamfutarka ba matsala. Rikicin yana zuwa ne in CSV ne, ko an kwafo daga WhatsApp ko daga saƙon banki, sai su shigo a matsayin rubutu. Gane su ba wuya, rubutu yana jingina hagu a cikin akwati lamba tana jingina dama, wani lokacin ma za ka ga ɗan koren kusurwa a sama. SOMME, wato SUM mai tara jimla, tsallake rubutu take yi shiru, shi ya sa ka ga sifili, kuma wanda ya fi sifilin muni shine in rabin layukan lamba ne rabi rubutu, ta baka jimlar da ta yi kama da gaskiya.

Daga Excel 2013 zuwa sama akwai NUMBERVALUE, a naku na Faransanci VALEURNOMBRE, wanda kai ne za ka faɗa masa wace alama ce ta ɗigo wace ce ta dubbai. Ga layin da ya zo daga Najeriya sai ka rubuta:

=ARRONDI(VALEURNOMBRE(A2;".";",");0)

Shikenan ya karanta da tsarin Najeriya ya cike maka. ARRONDI, wato ROUND, irin ta makaranta yake bi, 2,5 ta zama 3. Sai dai in wani ya rubuta maka makro da VBA, wato ɗan kod na cikin Excel, Round na can ta cika yake bi, 2 zai bayar, a cikin Excel ɗaya. Kuma rage adadin lambobin bayan waƙafi da maɓallin nan na sama ba cikewa ba ne, ido kawai yake ɓoye wa, lambar na nan yadda take a ciki kuma da ita ake tarawa, shi ya sa za ka ga 3 da 3 a allo jimla ta ce 5.

Tunda sefa ba ta da kwabo a ciniki, kuma a kasuwa da dala ake ƙirga, wato sefa biyar-biyar, in ka juya naira zuwa sefa kila ma ba cikakkiyar lamba kake so ba, ninkin 5 kake so. ARRONDI.AU.MULTIPLE(B2;5) zai yi maka, a na Ingilishi MROUND ne. Ka juya jimlar gaba ɗaya sannan ka cike, kar ka cike kuɗin canjin kansa, don in ka taɓa shi kafin ka ninka da miliyoyi asarar ma ninkuwa take. Ga masu rubuta manhaja kuma da ke da masu amfani a Sudan ko Chadi ko masu kibod ɗin Larabci, ku gwada lambobin Larabci ma, int("٤٥") a Python 45 yake bayarwa, amma Number("٤٥") a JavaScript NaN ne.

TAMBAYA: Malam lambobin ƙasa da sifili fa? Shafina PHP ne a baya JavaScript a gaba, -2.5 wannan ya ce -3 wancan ya ce -2. Wanne ne daidai? Daga wani matashi a Kaduna.

AMSA: Abokina kowanne yana bin ƙa'idarsa ne. Math.round na JavaScript in an yi kunnen doki yana tafiya ɓangaren lamba mafi girma, kuma -2 ta fi -3 girma, haka Java ma. PHP da Excel da Dart nesa da sifili suke tafiya, 2.5 ta zama 3, -2.5 ta zama -3. Python za ta ce -2 amma don cika ce, in ka bata -3.5 za ta ce -4 alhali JavaScript -3 za ta ce. A cikin JavaScript ɗin ma (-2.5).toFixed(0) "-3" yake bayarwa, ya saɓa wa Math.round. Har rumbun bayanai bai tsira ba, a bayanan MySQL sun nuna ROUND(2.5) na bada 3 amma ROUND(25E-1), wato 2.5 ɗin dai a rubuce da salon float, na bada 2, don haka farashi da maki a ajiye su a DECIMAL, kar a ajiye su a VARCHAR ko FLOAT.

Inda zai cije ka shine mayar da kuɗi. An sayar 97.5 ya zama 98, an dawo da kaya -97.5 ya zama -97, naira ɗaya ta maƙale a littafi ba mai ita. In kana son gaban, wato JavaScript ɗin, ya yi daidai da PHP ɗinka rubuta Math.sign(x) * Math.round(Math.abs(x)). Ni dai shawarata ma gaban ya daina lissafin kuɗi, PHP ya lissafa ya turo, JavaScript ta nuna kawai.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin lissafi ne na yi ritaya, jikana ke koya min Python da yamma. Ina ganin kuna wahalar da abu mai sauƙi, a ƙara rabi a yanke abin da ke bayan ɗigo mana, haka muka koyar shekara da shekaru. Kuma wai ɗan wannan bambancin har zai kai a damu da shi? Daga wani dattijo a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya saka muku da alheri kan yaran da kuka koyar. Hanyarku daidai take a kan allo, kuma a kwamfuta ma tana aiki a mafi yawan lokuta in lambar tana sama da sifili. Wuri biyu take tuntuɓe. In kuka rubuta int(x + 0.5) ga -2.7, ƙari zai bada -2.2, int kuma yana yankewa ne zuwa wajen sifili, sai ya ce -2 alhali -3 ce mafi kusa, sai dai ku sa math.floor a madadinsa. Na biyun kuma shi kansa ƙarin rabin kwamfuta sai ta cike sakamakonsa don gurbinta ƙayyadadde ne, akwai lamba 0.49999999999999994 wadda ba ta kai rabi ba, amma in aka ƙara mata 0.5 sai ta fito 1.0 cif. Java da kanta da wannan hanyar take aiki har zuwa Java 6, tana mayar da lambar nan 1, sai a Java 7 aka gyara.

Akwai wani kuma da na san kun sha gani a takardun ɗalibai, cikewa sau biyu. 44.45 in aka fara kai ta ɗigo ɗaya ta zama 44.5, aka sake cikewa ta zama 45, alhali kai tsaye 44 ce. A manhaja wannan yana faruwa ba wanda ya gani, fom ya cike, rumbun bayanai ya cike, shafin rahoto ya sake cikewa, kowanne wani ne daban ya rubuta shi.

Maganar ko ya kai a damu kuwa Baba, da yau da gobe ƙaramin abu ke taruwa. A Janairun 1982 kasuwar hannun jari ta Vancouver a Kanada ta buɗe sabon ma'auninta a kan 1000. Duk sanda aka yi ciniki sai kwamfuta ta sake lissafa shi, sau dubbai a rana, kuma kowane karo tana yanke lambar a gurbi na uku bayan ɗigo maimakon ta cike, sannan ta ɗora lissafi na gaba a kan yankakkiyar. Abin da ke zubewa kowane karo bai kai kashi ɗaya cikin dubu na maki ɗaya ba, amma kullum ƙasa yake yi, ba ya taɓa yin sama. Zuwa Nuwamban 1983 ma'aunin yana nuna 524.811, da aka sake lissafi yadda ya kamata sai ga shi 1098.892. Kusan shekara biyu mutane na kallon kasuwa kamar ta rasa rabin darajarta alhali hawa ta yi. Ku sa jikan naku ya gwada muku a Python, ya fara da 1000, ya riƙa ƙarawa da ragewa da ƙananan lambobi barkatai sau dubu ɗari, ɗaya yana yankewa ɗaya yana cikewa, ku kwatanta inda kowanne ya tsaya, na tabbata darasin zai yi muku daɗi.

TAMBAYA: Malam na bi shawarar juya rubutu zuwa lamba a duk fayil ɗin ƙungiyarmu ta adashe, yanzu lambobin waya duk sifilin farko ya ɓace, wasu lambobin asusun ma sun koma tara maimakon goma. Daga wata 'yar'uwa a Jos.

AMSA: 'Yar'uwa ki tsaya kar ki tura wa kowa kuɗi da wannan fayil ɗin tukuna. Ba duk abin da aka rubuta da lambobi ne ake juyawa ba, ki tambayi kanki ko za ki taɓa tara shi ko ki raba shi, in amsar a'a ce to ki bar shi a rubutu. Lambar waya, lambar asusun banki mai lamba 10, BVN da NIN masu 11, lambar rajistar ɗalibi, duk suna ne na mutum ko na asusu, kuma da zarar sun zama lamba sifilin gaba ya tafi don 0803 da 803 abu ɗaya ne a lissafi. Dogaye kuma cike su ake yi ba a tambaye ki ba, Excel lambobi 15 na farko kawai yake riƙewa sauran ya mayar da su sifili, JavaScript kuma in lamba ta wuce 9007199254740991 ba ta da tabbas.

Na waya da na asusu za su gyaru tunda an san tsawonsu, =TEXT(A2,"0000000000") zai dawo da asusun zuwa 10, ki ƙara sifili ɗaya a cikin alamar zancen ga na waya ya zama 11, a Python kuma zfill(10) ne. Duk da haka ki gwada kowane asusu a manhajar banki ki ga sunan mai shi ya fito kafin ki tura. Wanda ya wuce lamba 15 kuwa in an riga an adana ba ya dawowa, sai kin koma asalin fayil ɗin. Nan gaba kafin ki liƙa irin waɗannan ki mayar da layin ya zama Text tukuna, ko ki fara da alamar ' kafin lambar, ginshiƙin zubi da na jimla kaɗai za ki juya.